Mu Je Mu Ga Namu Tun Yana Tsaye

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu waɗanda wannan mujalla za ta isa hannunsu, ina neman ku ba ni aron hankalinku kaɗan. Ni yaro ne, ɗan aji biyar, mutumin Kudan. Na san ba a san yaro da yi wa manya dogon bayani ba, amma akwai wata magana da ta tsaya mini a rai tun zangon karatun da ya wuce, na ga gara in faɗe ta a nan, in na yi kuskure a gyara mini.

Wata ranar Talata malaminmu na labarin ƙasa ya shigo aji riƙe da wani babban littafi mai hotuna. Darasin ran nan a kan ƙasashen arewacin Turai ne. Ya buɗe mana hotunan Sitokholm, watau babban birnin ƙasar Suwidin, wanda aka gina bisa tsibirai 14, gadoji suka haɗa su. Muka ga tsohon gari da 'yan lungunansa, muka ga fadar sarki, muka ga babban ɗakin taron da ake yin walimar kyautar Nobel kowace ranar 10 ga Disamba. Malam ya ce a wannan birni ne aka miƙa wa Wole Soyinka tasa kyautar a 1986. Aji ya ruɗe. Wannan ya ce in ya girma can zai tafi, wancan ya ce shi ko da sharar titi ce ya yarda. Ni ma ban ɓoye ba, bakina a buɗe yake.

Da hayaniya ta lafa sai Malam ya rufe littafin, ya dube mu, ya ce, "To, a cikinku wa ya taɓa shiga tsohon Masallacin Jumma'a na birnin Zariya ya ɗaga kai ya dubi rufinsa? Wa ya taɓa hawa Kufena?" Aka yi tsit. Yatsu biyu ko uku ne suka tashi, su ma da kyar. Ni nawa bai tashi ba, alhali kuwa daga garinmu zuwa Zariya tafiya ce ta ɗan lokaci kaɗan a mota, in ka bi ta Hunkuyi. Na je Zariya ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Na san tasha, na san kasuwar Sabon Gari, na san inda ake sayar da takalma masu araha. Amma abin da ya sa aka san Zariya a duniya ban taɓa tsayawa na dube shi ba. Kunyar da na ji ran nan ita ce asalin wannan rubutu.

Ra'ayina a taƙaice shi ne wannan. Abin da ya sa mutanen Sitokholm suke da wuraren da baƙi ke zuwa kallo, sun riga kowa kallonsu ne, suka ga darajarsu, sa'an nan suka kashe kuɗi da lokaci wajen adana su. Mu kuwa muna da namu, amma tun da ba mu zuwa mu gani, ba mu san suna lalacewa ba. Don haka ya kamata makarantarmu ta riƙa kai mu ziyara irin waɗannan wurare, iyayenmu kuma su dakata kafin su rushe abin da ya saura a gidajenmu.

Bari in fara da abubuwa biyu na Sitokholm waɗanda na koma laburare na ƙara karantawa. Na farko wani jirgin ruwan yaƙi ne mai suna Vasa. An ƙera shi ne saboda sarkinsu Gustav Adolf, aka ɗora masa igwa 64, aka yi masa ado da sassaƙa iri iri. Ranar 10 ga Agusta 1628 aka sake shi karo na farko, jama'a sun cika bakin ruwa suna kallo. Bai yi ko kilomita ɗaya da rabi ba iska ta kaɗa shi, ya karkata, ruwa ya shiga ta kafofin igwa, ya nutse, mutane kamar 30 suka halaka. Dalili kuwa, samansa ya fi ƙasansa nauyi. Kun ga wannan abin kunya ne ga sarki da maƙera jirgin baki ɗaya. Duk da haka, bayan shekara 333, watau a 1961, jikokinsu suka tsamo shi daga ƙarƙashin ruwa. Suka yi shekara 17 suna fesa masa wani magani don kada katakon ya tsage in ya bushe. A 1990 suka buɗe masa gida nasa na kansa. Yanzu mutum fiye da miliyan ɗaya ke zuwa kallonsa a shekara, suna biyan kuɗi. Ku duba fa, kuskuren kakanninsu ne suka adana haka.

Na biyu shi ne ya fi taɓa zuciyata. Wani malami ne mai suna Artur Hazelius ya yi ta yawo ƙauyukan ƙasarsu, ya lura zamani na canzawa, masana'antu na ƙaruwa, mutane na barin tsofaffin gidajensu da sana'o'insu. Ya ga in aka yi sake, jikoki za su tashi ba su san yadda kakanninsu suka zauna ba. Sai ya shiga sayen tsofaffin gidajen katako na manoma, a kwance su, a kawo su Sitokholm, a sake haɗa su bisa wani tudu. A 1891 ya buɗe wurin, ana kiransa Skansen. Yau akwai gine-gine kamar 150 a ciki, da gidan manomi, da ɗakin gashin burodi, da makaranta, da shagunan masu sana'a, kuma akwai ma'aikata sanye da tufafin dā suna nuna yadda ake aikin. Gidajen talakawa ne fa, irin waɗanda masu su suka raina.

To, mu me muke da shi? Mu fara da ganuwar Zazzau, wadda tsawonta ya kai tsakanin kilomita 14 zuwa 16 a kewayen birni. Da hannu aka gina ta, da kwando aka ɗebo ƙasarta. Sunayen ƙofofinta har yanzu suna bakin mutane: Ƙofar Doka, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kona, Ƙofar Tukur-Tukur, Ƙofar Jatau, Ƙofar Bai, da sauransu. Kowace ƙofa hanya ce da fatake suka bi da jakuna da kaya, dakaru kuma suka fita ta nan. Labarin gargajiya yana danganta ganuwoyi da yawa na ƙasar Hausa da Sarauniya Amina, 'yar Bakwa Turunku, kuma yana cewa sunan birnin daga ƙanwarta Zariya ya samo asali. Turunku ɗin ma, inda aka zauna kafin a dawo Zariya, tana nan kudu da birni a hanyar Kaduna, da duwatsunta. Ga kuma dutsen Kufena yamma da birni, wanda aka yi zama a gindinsa tun zamani mai nisa.

Sai Masallacin Jumma'a da ke kusa da fada. An gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Maginin kuwa shi ne Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, har yau ma akwai unguwa mai wannan suna a cikin birni. Da ƙasa da azara ya yi aikinsa, ba siminti, ba rodi. Ya tayar da ginshiƙai masu kauri, ya lanƙwasa bakan gizo daga wannan zuwa wancan, ya ɗaure rufin a kansu, ya yi musu zane. Masana gine-gine na ƙasashen waje sun zo sun auna shi, sun rubuta littattafai a kansa. A shekarun 1970 aka kewaye shi da sabon gini na siminti, tsohon aikin ya koma a ciki. Wannan ne ya sa mai wucewa ta waje ba zai san abin da ke ciki ba sai ya shiga.

Har wa yau, a Wusasa akwai tsohuwar majami'a da aka gina a 1929 da tubali irin namu, bisa tsarin ginin Hausa. In muka ƙara gaba, ga dutsen Dala da Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata a Kano, ga hasumiyar Gobarau a Katsina, ga rijiyar Kusugu a Daura. Wani abin mamaki kuma, mu ma an yi mana irin Skansen. A Jos akwai gidan adana gine-ginen gargajiya na Nijeriya, wanda wani masanin gini ɗan ƙasar Folan mai suna Dmochowski ya tsara a shekarun 1970. A can an gina kwafin masallacin Zariya da wani yanki na ganuwar Kano. Watau baƙo ya taso daga Turai ya ga abinmu ya isa a kwafa, mu kuwa da muke kusa da na ainihin ba mu taɓa leƙa shi ba.

A hutun da ya wuce na roƙi yayana ya kai ni cikin birni, ya kuwa kai ni. Mun shiga ta Ƙofar Doka. Na ga wuraren da ganuwa ke nan da sauran ƙarfinta, na ga wuraren da ta zama tudu kawai ciyawa ta rufe, na ga inda aka yi gini a kanta, na ga inda ta zama juji. Ruwan sama yana cin nasa kowace damina, mutane kuma suna cin nasu. Ban zargi kowa ba, don na tabbata mai zuba shara a wurin bai taɓa samun wanda ya zaunar da shi ya gaya masa abin da wannan tudu yake ba. Da muka shiga masallaci na ɗaga kai, sai na rasa abin faɗi. Hoton da na gani a littafi bai gaya mini sanyin wurin ba, bai gaya mini kaurin ginshiƙan ba. Gani ya kori ji.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, wanda yake cikin gidanmu. A ƙofar gidanmu a Kudan akwai wani tsohon zaure da kakana ya sa aka gina tun mahaifina bai yi wayo ba. Soro ne na tubali, rufinsa daurin guga, da zankwaye a sama, da indararo biyu. A nan kakana ya yi ta karɓar baƙi, a nan aka raɗa mini suna, a nan muka fara karatun allo. Da bazara in rana ta take, duk gidan ba inda ya kai shi sanyi. Da hunturu kuwa ɗumi gare shi. To, Baba ya ce in Allah ya kai mu kaka aka sayar da rake, zai rushe shi ya yi na bulo da kwano, kamar yadda maƙwabtanmu suka yi.

Na sami Baba bayan sallar isha'i, na durƙusa na ce, "Baba, don Allah a bar zauren nan." Ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, kana makaranta lokacin da muke fama da yaɓe. Ka san nawa magini ke karɓa yanzu? Ka san wuyar samun azara? In ya faɗo wa ƙannenka da damina, tarihi ne zai tashe su?" Na yi shiru, don maganarsa gaskiya ce. Ginin ƙasa yana son kulawa kowace shekara. Giginyar da ake samun azara daga gare ta ta yi ƙaranci. Magina masu iya daurin guga sun tsufa, 'ya'yansu kuma sun koma aikin bulo ko acaɓa. Mutumin da ke neman kuɗin taki da kuɗin makaranta ba za a ce masa ya bar wannan ya yi ado ba.

Amma ga abin da na yi ta tunani a kai bayan na koma makaranta. Ban ce kowa ya zauna a ɗakin ƙasa har abada ba. Mutanen Sitokholm ma ai a gidajen zamani suke kwana, da lantarki da famfo. Abin da suka yi shi ne, sun bar kaɗan don a gani. In kowane gida a Kudan da Makarfi da Ikara ya rushe nasa, kowa yana cewa ai nawa ɗaya ne tak, wata rana za a wayi gari babu ko ɗaya. Sa'an nan kuma sana'ar kanta za ta bi su, gama magini ba ya koyon daurin guga a takarda, sai ya ga ana yi, ya sa hannu. Ran da na ƙarshensu ya rasu, ko muna da kuɗi ba mu da mai gyara mana masallacin Babban Gwani. Kuma kuɗin yaɓen shekara, in aka haɗa hannu, bai kai kuɗin bulo da kwano da silin ba, balle a zo ga zafin da kwano ke tarawa a watan Afrilu.

Na san wasu abokaina za su ce, ina ruwan ɗan makaranta da tsohon bango? Mu da muke neman cin jarrabawa mu zama likitoci da injiniyoyi? Amsata ita ce, wanda zai zama injiniya shi ya fi kowa bukatar ya tsaya ƙarƙashin bakan gizon nan ya tambayi kansa yadda aka yi ƙasa da itace suka ɗauki wannan nauyi shekara kusan 190. A ajin kimiyya an koya mana cewa bango mai kauri yana jinkirta shigar zafi. Kakanninmu sun san haka ba tare da allo da alli ba. A Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, akwai sashen koyon zanen gine-gine, kuma ɗalibansa suna nazarin irin waɗannan gidaje. Ashe abin da muke ƙyama a ƙauye darasi ne a jami'a.

Wasu iyaye kuma za su ce yawon buɗe ido aikin masu kuɗi ne da marasa aikin yi, ga kuma halin da hanyoyi suke ciki. Wannan ma ban raina shi ba. Amma ni ban roƙi a kai mu Turai ba, ban ma roƙi a kai mu Jos ba tukuna. Zariya ce, a tafi da safe a dawo kafin la'asar, da malamai, da izinin hukuma. Abin da kowane ɗalibi zai bayar na mota bai fi abin da muke kashewa a kan ƙosai da biredi a mako ɗaya ko biyu ba. Game da riba kuwa, duk wanda ya taɓa zuwa hawan sallah a Zariya ya ga yadda baƙi ke cika gari, masu abinci da masu mota da masu sayar da hula duk suna samu. Wannan na 'yan kwanaki ne a shekara. Ganuwa da masallaci kuwa kullum suna nan, in an gyara su an sa masu yi wa baƙi bayani.

Saboda haka ga roƙona guda uku. Na farko, ga shugaban makarantarmu da malamanmu: a sa ziyarar birnin Zariya cikin tsarin shekara, ko da aji ɗaya ne kowane zango. A nemi izinin fada, a sami dattijon da ya san tarihi ya zagaya da mu. Kowane ɗalibi ya riƙe littafi da fensir, in an dawo ya rubuta abin da ya gani, a buga mafi kyau a wannan mujalla.

Na biyu, ga 'yan'uwana ɗalibai: in mun tafi hutu, kowa ya nemi abu ɗaya tsoho a garinsu. Ko zaure ne, ko rijiya, ko marina da aka daina aiki da ita, ko kufai, ko tsohuwar kuka da ake cin kasuwa a gindinta, ko wurin da ake dafa mazarƙwaila. Ya auna shi da taku, ya zana shi, in ya sami aron waya ya ɗauki hoto. Sa'an nan ya je ya gai da tsoho mafi shekaru a unguwar, ya tambaye shi wa ya gina, a zamanin wane hakimi, me ake yi a wurin. Tsofaffin nan ba za su dawwama ba, kuma abin da ke kansu babu shi a laburarenmu. In muka tara waɗannan takardu shekara uku, makarantarmu za ta mallaki abin da ba wanda yake da shi. Hazelius ma da kaɗan kaɗan ya fara.

Na uku, ga iyayenmu, Allah ya ƙara muku girma: in za a yi sabon gini, a yi, muna murna. Amma in akwai zaure ko soro mai kyau da ya saura, a dubi yiwuwar barinsa a gefe. In gyaransa ya fi ƙarfin mutum ɗaya, a yi gayya kamar yadda ake yi a gona. Mu yaran da kuke biya wa kuɗin makaranta muna da ƙarfin kwaɓa ƙasa da ɗaukar ruwa.

Ni dai na riga na yi wa Baba alkawari. Na ce masa hutun da ke zuwa, kafin ruwa ya sauka, ni da ƙannena da abokaina biyu za mu ɗebo ƙasa mu kwaɓa, shi kuwa ya biya tsohon maginin unguwarmu ya tsaya a kanmu ya nuna mana. Na ce in an yi haka zauren ya ci gaba da zuba, to, ba ni da sauran magana. Baba bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ya dai ce, "Allah ya kai mu." Wanda ya san Baba ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Har gobe ina son in ga Sitokholm, in tsaya gaban jirgin nan in ga girmansa da idona. Amma in Allah ya nufa na je, wani ya tambaye ni me ke akwai a ƙasarmu, ina so in ba shi amsa da abin da na gani, in gaya masa kaurin ginshiƙin Babban Gwani, in gaya masa sunayen ƙofofin Zazzau, in kuma ce masa in ya zo Kudan akwai zauren da zan sauke shi. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.